Tambayoyinku: Filayen Jirgin Landan Shida Ne, Wanne Zan Sauka Kuma Ta Ina Zan Shiga Gari?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan Landan ne, filayen jirginta da yadda mutum zai fita daga cikinsu ya kai masauki, to na tsamo guda biyar da nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min da shawara. Na samu gurbin karatu a Landan, masaukina a unguwar Uxbridge, yanzu ina ta duba tikiti na ga guda biyu, ɗaya Heathrow zai sauka ɗayan kuma ta Istanbul zai bi ya sauka wani wuri wai Stansted, kuma na biyun ya fi sauƙi sosai gaskiya. Dukkansu dai Landan aka rubuta a jiki. Akwai wani bambanci ne ko in yanki mai sauƙin kawai? Daga wani ɗalibi mai shirin tafiya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a karatun. Bambanci kam akwai, babba ma kuwa, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kuɗinka na aljihunka.

Ka ga filayen jirgin da ake liƙa wa sunan Landan guda shida ne, Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da London City da Southend, amma a cikinsu biyu ne kacal suke cikin iyakar garin, wato Heathrow da ke yamma wajen kilomita 23 daga tsakiya, sai London City ɗan ƙarami a gabas. Sauran huɗun duk a wasu gundumomi suke. Gatwick na kudu wajen kilomita 45, Luton na arewa, shi kuma Stansted ɗin naka yana gundumar Essex arewa maso gabas, kusan kilomita 60 daga tsakiyar gari. To Uxbridge da za ka zauna ƙaramar hukumarsu ɗaya da Heathrow, Hillingdon, bas ɗin gari ma kawai za ka hau daga filin jirgin ta kai ka. In ko Stansted ka sauka to ka sauka ne a ɗaya ƙarshen duniyar, sai ka hau Stansted Express wajen minti 50 zuwa tashar Liverpool Street, ka sauko da akwatunanka ka nemi layin Metropolitan na ƙarƙashin ƙasa ka sake zama kusan awa ɗaya kafin Uxbridge, ga jiran jirgi ga layin shige da fice da ka riga ka sha, ga shi rana ta farko ce a garin da ba ka san kowa ba, ƙila ma layin wayarka bai fara aiki ba.

Ba wai ina ce maka kar ka saya ba ne. Lissafi nake so ka yi na gaskiya. Ɗauki takarda ka rubuta kuɗin tikitin, ka ɗora kuɗin akwati a kai don kamfanoni masu araha yawanci daban suke cajin kaya kuma ɗalibi ba ya tafiya da jaka ɗaya, ka ɗora kuɗin jirgin ƙasa daga Stansted da fam ɗin Ingila, sannan ka duba ƙarfe nawa jirgin zai sauka. In tsakar dare ne to ka sa kuɗin tasi ko na kwana a lissafin. Sau da yawa in an gama tarawa sai ka ga ragin da ya ja hankalinka ya narke, dama an ce araha ba ta ado. In kuma bayan duk wannan ragin na nan da kauri, jirgin kuma da rana zai sauka, to bismillah, Stansted fili ne mai tsari kuma tashar jirgin ƙasan na ƙarƙashin ginin ne ba sai ka fita waje ba. Abu ɗaya, katin Oyster da ake hawa jiragen cikin Landan da shi ba ya kaiwa Stansted, kar wani ya ce maka kati ɗaya ya isa ko'ina.

Sannan tunda ka ambaci Istanbul, ita ma filaye biyu gare ta, babban da aka buɗe a 2018 a ɓangaren Turai da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Ka duba haruffa ukun nan da ke jikin tikitin, IST ko SAW, ka tabbata inda za ka sauka nan ne za ka tashi.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Ni da yara uku za mu je wajen ƙanwata a Whitechapel, babban shekararsa 10 ƙaramar 4, Heathrow za mu sauka kuma ita tana wajen aiki lokacin ba za ta samu zuwa ɗaukarmu ba. An ce min akwai wani jirgi Heathrow Express minti 15 ya kai mutum gari, shi zan hau? Kayanmu da yawa fa. Daga wata uwa.

AMSA: Barka kadai Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya raya zuri'a. Ni dai da ni ne ke, ba zan hau Express ba, layin Elizabeth zan bi, bari in faɗa miki dalili.

Jiragen ƙasa iri uku ne ke fita daga Heathrow. Akwai layin Piccadilly na ƙarƙashin ƙasa wanda ya iso filin tun 1977, shi ya fi kowanne sauƙin kuɗi amma taragunsa ƙanana ne, yana tsayawa a tasha bayan tasha, wajen minti 50 kafin tsakiyar gari, kuma tashoshinsa da yawa a cikin gari ba su da lifta, ke da yara uku da akwatuna a kan matakala abin ba zai yi daɗi ba. Akwai Heathrow Express da ya fara aiki a 1998, gaskiya ne minti 15 yake yi kuma duk minti 15 akwai wani, sai dai Paddington kaɗai yake kai mutum, Paddington kuwa yammacin tsakiyar gari ce, ke kuma gabas za ki, kin ga kenan sai kin sauka kin ja yara da kaya kin canza jirgi bayan kin biya kuɗin da ya fi na kowa tsada. Na ukun shi ne layin Elizabeth da aka buɗe a watan Mayun 2022, shi wannan daga Heathrow yake ratsa garin ta ƙarƙashi, Paddington, Bond Street, Tottenham Court Road, Farringdon, Liverpool Street, sai Whitechapel, zama ɗaya ba canji, wajen minti 45. Taragun manya ne da fili, kuma duk tashoshin layin ana iya kaiwa bakin jirgi daga titi ba tare da hawa matakala ba. Minti 15 ɗin can da aka gaya miki na wanda masaukinsa ke kusa da Paddington ne.

Yanzu ga yadda abin zai kasance in kin fito. Bayan kin ɗauki kaya kin wuce kwastam ki ɗaga kai ki bi allunan jirgin ƙasa, in Taminal 2 ko 3 ne akwai 'yar tafiya ta ƙarƙashin ƙasa mai ɗan tsawo, ki riƙe hannun ƙaramar. A bakin shiga za ki ga ƙofofi a jere kowacce da wani faifai rawaya a samanta, nan ake ɗora kati. Ki nemi ƙofa mai faɗi ta gefe, ita ce ta masu kaya da keken yara, akwai ma'aikaci a wajen yawanci. Yaran da ba su kai shekara 11 ba kyauta suke shiga in suna tare da babba mai biya, har guda huɗu, to naki ukun duk sun shiga ciki, ke kaɗai za ki ɗora kati su bi ki. Ki kula da wannan sosai, Express da Elizabeth a dandamali ɗaya suke tsayawa a tashar Taminal 2 da 3, kuma launinsu ma ya so ya yi kama, kar ki ga jirgi ya tsaya kawai ki faɗa, ki karanta allon sama, wanda aka rubuta Abbey Wood ko Shenfield shi ne naki, dukkan biyun suna bi ta Whitechapel.

Maganar kati kuma, katin banki mai taɓawa yana yi, amma ba kowane katin ƙasar waje ne na'urar ke karɓa ba, in ya ƙi kar hankalinki ya tashi, ki sayi Oyster a injin da ke tashar ki zuba masa kuɗi. Katin da kika ɗora wajen shiga shi za ki ɗora wajen fita, in kika shiga da waya kika fita da katin roba ko da asusu ɗaya ne na'urar mutum biyu take ɗauka ta caje ki kuɗi mafi yawa. Bas ɗin Landan kuma tun 2014 ba sa karɓar tsabar kuɗi, kar ki dogara da canji a jaka. In kuma kin ga kayan sun fi ƙarfinki to ki hau baƙar tasi daga layinsu na hukuma a ƙofar fita, ko ƙanwarki ta yi miki odar mota tun kafin ki sauka. Duk wanda ya tare ki a cikin zauren yana cewa zo in kai ki, ki wuce shi, doka ma ta hana wannan.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Wakilin da ke yankar min tikiti ya haɗa min tafiya, zan sauka Heathrow ƙarfe 6 na safe in tashi daga Gatwick ƙarfe 9 da rabi zuwa wata ƙasar Turai, ya ce tikiti biyu ne daban amma awa uku da rabi ta isa har da ragi. Hankalina bai kwanta ba. Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Lafiya lau Alhaji, kuma hankalinka ya yi gaskiya da bai kwanta ba. Ka koma wajen wakilin nan a canza tun yau, wannan haɗin ba zan bari ɗan'uwana ya hau shi ba.

Tun kafin maganar lokaci akwai maganar biza, ita ce ma ta fi tsorata ni. Wanda zai canza jirgi a cikin fili ɗaya ba tare da ya fita ba, hukuncinsa daban da wanda zai bar Heathrow ya tafi Gatwick, domin shi na biyun sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice, ya shiga ƙasar Ingila kenan ko da na awa biyu ne. Birtaniya na da bizar wucewa iri biyu, akwai wadda ba ta ba ka damar ƙetare shingen shige da fice sam, a cikin fili za ka zauna har jirginka ya tashi, akwai kuma wadda ke ba ka damar fita da sharaɗin ka bar ƙasar cikin awa 48. In ta farkon ce a hannunka to ba inda za ka, kuma kamfanin jirgi na iya hana ka hawa tun daga inda ka taso. Wanda ya shafe ka ya danganta da fasfo ɗinka da sauran bizar da ke ciki, akwai shafin gwamnatin Birtaniya da za ka sa ƙasarka ya gaya maka, ka duba da idonka kar ka tsaya a an ce.

Sai lokaci. Jirgi ya taɓa ƙasa ƙarfe 6 ba yana nufin kana waje ƙarfe 6 ba, safiyar nan ita ce lokacin da jirage masu dogon zango ke sauka a jere, layin shige da fice kan iya cin awa ɗaya ko fiye ga mai fasfo ɗin da ba ya bi ta ƙofar na'ura, sannan ka jira akwati don ba wanda zai kai maka shi Gatwick, da hannunka za ka ja. Tsakanin filayen biyu kuma babu jirgin ƙasa kai tsaye, wannan abin na ba mutane mamaki amma haka yake. Ko dai ka hau doguwar bas ta National Express ta bi babban titin M25 da ya zagaye Landan, in hanya ta yi kyau awa ɗaya da 'yan mintuna, in ko gosulon safe ya kama ku ba mai iya ce maka ga lokacin isa, ko kuma ka hau layin Elizabeth zuwa Farringdon ka canza zuwa jirgin ƙasa na Thameslink ya gangara da kai Gatwick, wanda shi ma ka ba shi awa ɗaya da rabi ko fiye. Ka isa kuma tashar jirgin ƙasan a Taminal ta Kudu take, in jirginka a ta Arewa yake sai ka ƙara hawa ɗan jirgin da ke haɗa su, ka ba da kaya kafin a rufe kanta, ka bi layin bincike. Tara lokutan nan ka gani Alhaji, ina ragin yake?

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne tikiti biyu ne daban. Da tikiti ɗaya ne kamfani ɗaya ya haɗa, in jirgin farko ya makara su ke da alhakin sa ka a na gaba. A tikiti biyu kuwa kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba, ba ka zo ba kawai za su rubuta, kuɗin ya tafi, wani lokaci har tikitin dawowar ma su soke. In dole sai an canza fili ni shawarata kar ya gaza awa shida a tsakani, ko ka kwana ka tashi washegari in bizarka ta ba da dama. Mafi alheri dai a nemo maka wanda zai tashi daga Heathrow ɗin, ko da an ɗan ƙara kuɗi.

TAMBAYA: Ni tambayata ta son sani ce Malam, me ya sa ba za su faɗaɗa Heathrow kowa ya sauka wuri ɗaya a huta ba? Daga wani mai bibiyar shafin nan.

AMSA: Ƙanena ai sun fi shekara 20 suna wannan rigimar. Heathrow titin tashi da sauka biyu kawai gare shi, kuma da su ya ɗauki fasinja sama da miliyan 83 a 2024, an kuma ƙayyade masa tashi da sauka 480,000 a shekara wanda ya kusa cikewa. Gidajen mutane sun kewaye shi, titi na uku na nufin rushe gidaje da ƙarin ƙara a kan unguwannin da jirage ke bi ta samansu. Hukumar nazarin filayen jirgi da Howard Davies ya jagoranta ta ba da shawarar a gina titi na ukun a 2015, majalisa ta amince a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta taka birki a farkon 2020 kan batun sauyin yanayi, kotun ƙoli ta soke wancan hukuncin a ƙarshen shekarar, gwamnati ta sake cewa tana goyon baya a Janairun 2025. Kafin nan dai kamfanoni masu araha sun yi gida a waje inda kuɗin sauka ya fi sauƙi, Ryanair a Stansted, easyJet hedikwatarsa a Luton.

Ni a ganina yawan filayen ba shi ne matsalar ba, gari mai girman Landan ya fi ƙarfin fili ɗaya, Tokyo na da Haneda da Narita, New York na da uku. Abin da ke damuna shi ne yawancin layukan dogon an shimfiɗa su ne daga kowane fili zuwa tsakiyar gari, ba a yi tunanin mai son tafiya daga fili zuwa fili ba, shi ya sa Alhajin da ke sama ya shiga wannan halin.

TAMBAYA: Salam, jirgina zai tashi daga Luton ƙarfe 6 da kwata na safe ranar Lahadi, ina kudancin Landan, jirgin ƙasa zai kai ni a kan lokaci kuwa? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kina bukatar kasancewa a filin wajen ƙarfe 4, kin ga tafiyar dare ce sosai. Thameslink na bi ta Luton Airport Parkway kuma akwai jiragensa da ke yawo cikin dare amma suna raguwa ƙwarai, daga tashar kuma sai kin hau DART, ɗan jirgin da aka buɗe a 2023 mai hawa da mutane zuwa filin cikin 'yan mintuna, ki tabbata tikitinki ya haɗa da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da kika faɗa, daren Asabar wayewar Lahadi shi ne lokacin da aka fi rufe layin dogo don gyara, a sa bas ta maye gurbin jirgi tafiyar ta ninka. Ki shiga shafin National Rail ki sa ainihin ranar da awar, yau ki duba, ki kuma sake dubawa ana gobe tafiyar don yajin aiki ma kan faɗo.

In kin ga babu jirgin da ya dace, dogayen bas na tashi daga tashar bas ta Victoria zuwa Luton cikin dare, ki yanki kujera tun da wuri, ki kuma lissafa yadda za ki kai Victoria ɗin, ko da bas ɗin dare masu harafin N a gaban lambarsu ko da motar da kika yi oda. Wasu layukan ƙarƙashin ƙasa kamar Victoria da Northern da Jubilee suna kwana suna aiki daren Juma'a da na Asabar, to wannan zai taimake ki in gidanki na kusa da ɗaya daga ciki. Masu tafiya ƙarshen shekara kuma su riƙe wannan, ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa da bas ɗin gari duk ba sa aiki a Landan, sai doguwar bas ko tasi, kuma kujerun kan ƙare da wuri.